Wadda Ta Koyi Ɗinkin Uwarta a Hannun Baƙuwa

Duk wadda ta taɓa kai jariri awo a ƙaramin asibitin unguwarmu a Wurno ta san Mahbuba. Ita ce doguwar matar nan mai tabarau da ke zama bayan sikeli, wadda ba ta cika fara'a ba amma ba ta taɓa ɓatar da katin kowa. Idan layi ya ƙare, wajen ƙarfe ɗaya, sai ta jawo jaka daga ƙarƙashin tebur ta fito da faifan da take ɗinki, ta ɗora daga inda ta tsaya jiya. Masu zuwa suna ɗauka tun tana yarinya take yi. Ba haka ba ne. Sai da ta ba shekara talatin da takwas baya sannan ta riƙe basilla da gaske, kuma ba sha'awa ce ta kai ta ba. Kishi ne. Ita da bakinta ta faɗa mini, domin katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, kuma mun daɗe muna hira ta kanta.

A Lahodu aka haife ta, ita kaɗai mace cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinta manomin gero ne, ya rasu tana aji huɗu a firamare. Daga nan mahaifiyarta, Inna Habi, ta riƙe gidan da ɗinkin faifai. Faya-fayan Inna Habi ba irin na kowa ba ne. Tun daga Rabah har Goronyo, idan ana haɗa kayan ɗakin amarya, akan aiko a ce a ajiye mata guda biyu ko uku, ko da za a jira wata shida. Ba ta taɓa sayen galura a kasuwa ba. Janta daga karan dafi yake, wanda take shuka layi biyu a gefen gona. Ruwan ɗorawarta daga saiwar rawaya. Baƙinta kuwa daga bagaruwa da lakar fadama, kuma shi ne wanda duk matan garin suka kasa kwaikwayo. Kabar da take ɗinkin da ita tana nan bayan gonarsu, a wani ɗan fili mai yashi da kowa ke kira kabar Habi, ko da yake ba ita ta shuka ba. A hannun surukarta ta tarar da wurin, surukar ma haka ta tarar.

Tana da zane-zane da yawa, amma akwai guda da ba ta cika yi ba, sai sau ɗaya ko biyu a shekara. Baƙi ne ke fitowa daga cibiyar faifan yana lanƙwasa, yana faɗaɗa, ja na bin gefensa. Ta gaje shi ne daga mahaifiyarta, mutuniyar Kagara, tun kafin a gina dam a Goronyo, lokacin da ruwa ke malalowa gonaki yadda ya ga dama. Sunansa gulbi ya kawo. A danginsu uwa ce ke koya wa 'yarta shi, ba a ba 'yar maƙwabta.

Mahbuba tana da shekara tara ta taɓa ɗaukar basilla ta fara huda wani gindin faifai da Inna ta ajiye. Inna ta dawo daga rijiya ta gan ta, ta zare basillar daga hannunta.

"Aje wanga," in ji ta. "Ke karatu za ki yi. Ba ni son bayanki ya lanƙwashe kamar nawa."

Mahbuba ta yi kuka ranar, amma daga baya abin ya yi mata daɗi. Ta yi sakandare, ta tafi Sakkwato ta yi makarantar koyon aikin lafiya, ta dawo da takarda. A can ta koyi rufe kwano da murfin roba, kuma idan ƙawayenta suka tambayi sana'ar mahaifiyarta sai ta ce noma. Ta auri Uwaisu, mai fataucin albasa, suka zauna a Wurno. Ba ta yar da Inna ba ko kaɗan. Kowace Asabar takan hau babur ta je Lahodu da sabulu da sukari da maganin hawan jini, ta auna mata jini, ta yi mata faɗa kan gishiri, ta duba agogo, ta koma kafin la'asar. Shekara goma sha biyar tana haka, kuma a ganinta babu 'yar da ta fi ta kula da uwa.

Wata Asabar ta shiga gidan ta ga takalman da ba ta sani ba a bakin rumfa. A kan tabarmar Inna, daidai inda ita take zama, akwai wata budurwa mai gajeren gashi, ta yafa ɗankwali, tana tsaga kaba da farce. Inna ta ce malamar makarantar garin ce, sunanta Justina, Kirista ce daga wajen Zonkwa. Ta ga faifai a gidan wata ɗalibarta, ta yi ta tambaya har aka rako ta.

Justina ta durƙusa ta gaishe ta. "Sannu da zuwa, Yaya Mahbuba. Inna ta ba ni labarinki."

Mahbuba ta amsa da sakin fuska. A hanyar komawa ma dariya take yi, tana cewa a ranta malamar ba za ta wuce sati uku ba, da zarar basilla ta huda mata yatsa za ta gudu.

Ba ta gudu ba. Damina ta wuce, kaka ta wuce, takalman suna nan a bakin rumfa. Justina takan zo da sassafe kafin makaranta, ta dawo bayan an tashi. Ranar Lahadi kaɗai ba ta zuwa, sai ta tafi Wurno coci. A hankali Mahbuba ta fara lura da wasu abubuwa ƙanana, waɗanda idan ta faɗa wa mutum sai ya ce mene ne a ciki. Tun daga zaure takan jiyo dariyar Inna, irin dariyar da ta manta Inna na da ita, kuma da ta yi sallama dariyar sai ta tsaya, Inna ta miƙo hannu a auna jini. Wata rana ta tambayi Inna ko akwai inda ke mata ciwo, Inna ta ce lahiya lau, sai Justina ta ce, "Gwiwarta ta hagu ce, tun Talata." Wata rana kuma ta ji Inna na ba da labarin yadda suka tsallake gulbi a kwalekwale ranar da aka kawo ta Lahodu amarya, har kwalla guda cikin kayan ɗakinta ta faɗa ruwa. Mahbuba ba ta taɓa jin labarin ba. Justina kuwa tana tayawa, alamar ta ji shi ba sau ɗaya ba.

Har harshen yarinyar ya juya. Da ta zo "me" take cewa irin na mutanen Kaduna. Kafin shekara ta zagayo Mahbuba ta ji ta ce, "Inna, mi zan ƙara cikin tukunyar?" Inna ta ce, "Kanwa kaɗan, ɗiyata."

Mahbuba ta ce da ta ji kalmar nan sai da ta ajiye abin awon jinin.

Ta kai ƙara wurin mijinta. Uwaisu ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce shi bai ga laifi ba, tsohuwa ta samu mai ɗebe mata kewa. Ta kai wurin yayanta Sa'adu, wanda ke noma gonar gidan kuma yake zaune da Inna. Sa'adu ya ce malamar ba ta taɓa shigowa hannu sake ba, ba ta taɓa fita da ko tsinke ba tare da ta tambaya ba. Mahbuba ta dawo gida da haushin su duka biyu. Abin da take so shi ne wani ya ce mata yarinyar nan akwai abin da take nema.

A shekara ta biyu ta tarar da Justina da faifai a cinya, baƙi na lanƙwasowa daga cibiyarsa, ja na bin gefe. Ta tsaya tana kallo. Ranar ta auna jinin Inna kawai ta koma gida. Amma da ta ji cewa Justina za ta kai faya-fayan Inna wani bajen kolin sana'o'in hannu a Sakkwato, sai ta ce to, ga shi nan, abin da take jira ya zo. Ta tabbata yarinyar za ta je ta ce aikinta ne. Ta nemi izini a wurin aiki, ta shiga mota ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta yi ta shirya kalmomin da za ta faɗa a gaban mutane tun daga Wurno har tasha.

Ta samu rumfar a can ƙarshen layi. Faya-fayan Inna na rataye a jikin zana, a ƙarƙashinsu an manna takarda da rubutun hannu: aikin Habi ta Lahodu ne, zanen na mahaifiyarta ne mutuniyar Kagara, kaba da rini duk daga ƙasar Lahodu. A gefe can ƙasa akwai wasu ƙanana guda uku marasa wannan zanen, takardarsu ta ce aikin ɗalibar Habi. Ko sunanta Justina ba ta sa ba.

Justina ta hango ta, ta taso da murna ta kamo hannunta. Akwai wata dattijuwa mai lulluɓi da ta daɗe tsaye tana juya faifai ɗaya. Justina ta ce mata, "Hajiya, ga 'yar mai aikin ma ta zo."

Dattijuwar ta juyo ta ce, "Madalla. To ke za ki gaya mini. Baƙin nan da mi anka yi shi, da ba ya zuba?"

Mahbuba ta buɗe baki. Ta san akwai bagaruwa, ta san akwai laka. Wanne ake fara sawa, kwana nawa, ba ta sani ba. Sai Justina ta karɓa a hankali, ta ce Yaya Mahbuba ma'aikaciyar lafiya ce, aikin asibiti bai bar ta ta zauna ba, sannan ta ba dattijuwar amsa daidai gwargwado, ta ce sauran bayanin na Inna ne, ba ta da izinin faɗa.

Mahbuba ta ce da yarinyar ta yi mata dariya da ya fi mata sauƙi.

Asabar ɗin da ta biyo baya ta jira har Justina ta tafi kasuwa, ta zauna gaban Inna ba tare da ta buɗe jakar magani ba.

"Inna, gulbi ya kawo na ga hannun malama."

"Awo. Ni na koya mata."

"Kin ce uwa ka koya ma ɗiyarta shi."

Inna ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. "Haka nan ne. Na jira ɗiyata shekara talatin. Idona ya fara hazo, hannuna ya fara rawa. In tahi da shi kabari?"

"Ke kika amshe basilla ga hannuna."

"Ni ce. Kuma in anka maido ranar, sai na sake amshewa, don ga ki nan kina aikinki, bayanki miƙe. Amma bayan kin girma, Mahbuba, kin taɓa zama kika ce Inna nuna min? Kullum kina zuwa da agogo ga hannu. Wagga ta zo ta zauna. Wata uku ba abin da na bari ta yi sai tsagar kaba, ba ta ce ta gaji ba."

Mahbuba ta tashi ta auna mata jini, ta rubuta a ɗan littafi, ta tafi.

Sati biyu bayan haka ta ɗauki hutun ƙarshen shekara ta koma Lahodu da zama. Ta ƙudurta za ta nuna musu cewa abin a jininta yake, ba sai an koya mata ba. Washegari da hantsi ta ɗauki wuƙar da ta sayo sabuwa a kasuwar Wurno, ta zaga bayan gona ita kaɗai. Ta tuna Inna na cewa ganyen tsakiya, wanda bai buɗe ba, shi ne mai laushi, shi ke karɓar rini. Don haka ta bi kabar ɗaya bayan ɗaya tana zura wuƙa can ƙasa don ta samu ganye mai tsawo. A gefen gabas akwai wasu guda bakwai da suka fi sauran tsayi, sun kai mata ƙugu, an kewaye su da ƙaya. Ta ga ganyensu ya fi kyau, ta janye ƙayar ta yanke su ma. Kafin azahar ta haɗa dami biyu manya. Ta ɗauko su a ka, gumi na zuba, ta sauke a gaban Inna da Justina.

Inna ta jawo ganye ɗaya ta shafa gindinsa da yatsa. Akwai wani farin abu mai taushi manne da shi. Ta jawo na biyu, ta jawo na uku. Justina ta sunkuyar da kai.

"Har na cikin ƙaya?" in ji Inna.

"Su sunka fi kyau."

Inna ta ajiye ganyen. Sannan ta yi magana da muryar da take gaya wa mutum farashin gero.

"Wanga farin da kike gani zuciyar kabar ce. Ba a kai wuƙa gare ta. Yatsa huɗu ake bari daga gindi, ganye guda ake ɗauka ga kowace, kuma ba a koma mata sai wata biyu sun wuce. Na cikin ƙaya shekara goma sha biyu ina tsaronsu, ko ganye ban taɓa cira ba, don su tashi su zama goriba su zuba iri. In babu babba, ƙanana ba su da mai maye su." Ta tura damin gefe. "Ku shanya su inuwa. Tunda anka yanke, ba a barin su su lalace kuma."

Justina ta tashi ta ɗauki dami ɗaya. Mahbuba ta ɗauki ɗayan. Suka shanya tare a bayan ɗaki, babu wadda ta kalli wata.

Inna ba ta gaya wa kowa ba, Justina ma haka. Amma bayan sati uku Sa'adu ya zaga bayan gona ya ga tsakiyar kabar ta bushe ta yi ruwan toka, ga ƙaya a warwatse. Ya shigo gida a fusace ya ce makiyayan da suka sauka bayan gari ne, dama ya ga sawun shanunsu kusa da wurin. Ya sa hula zai tafi wurin mai gari, har ya aika a kira maƙwabta biyu su yi masa shaida. A shekarun nan ƙaramar magana tsakanin manomi da makiyayi ba ta tsayawa ƙarama, kowa a gidan ya san haka. Mahbuba tana tsaye bakin madafa. Ta kalli Inna, Inna ta kalli ɗinkinta. Ta kalli Justina, ta ga yarinyar ta buɗe baki kamar za ta ƙirƙiro wani abu ta rufa mata asiri. Wannan ne ya sa ta yi magana, don ba za ta iya ɗaukar wani alherin daga wurinta ba.

"Yaya, cire hularka. Ba makiyaya ba ne. Ni ce."

Sa'adu ya tsaya yana dubanta. Maƙwabtan da aka kira sun riga sun iso zaure, sun ji. Kafin magariba duk Lahodu an san cewa 'yar Habi mai aikin asibiti ta kashe kabar uwarta.

Da hutunta ya kusa ƙarewa ta je ta durƙusa gaban Inna ta ce a koya mata, daga farko, yadda ake koya wa kowa. Inna ta ɗago hannuwanta biyu ta nuna mata yadda suke kakkarwa.

"Bakina na iya gaya miki, amma hannuna ba ya iya nuna miki yanzu. Sai dai ki zauna gaban malama."

Haka Mahbuba, mai 'ya'ya huɗu, mai shekara talatin da takwas, ta zama ɗalibar yarinyar da ta girma da shekara goma. Ta daina komawa kafin la'asar. Takan zo Juma'a da yamma ta kwana, ta wuni Asabar. Justina ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Idan ɗinki ya karkace sai ta ce, "Yaya, ko mu warware daga nan?" Mahbuba ta ce wannan "mu" ɗin ta fi zagi ciwo. Inna na gefe kwance tana saurare, lokaci-lokaci ta sa baki, kuma ko da gyaran na Mahbuba ne, sunan Justina take kira: ki nuna mata yadda ake jan bakin, ki ce ta sassauta hannu.

Ba zan ce sun zama ƙawaye ba, don Mahbuba ba ta ce haka ba. Ta ce dai akwai ranar da suka je yankan kaba tare, a ɓangaren da ya tsira, ƙaya ta shige wa Justina a tafin ƙafa, ita ta zaunar da ita ta cire mata, ta wanke, ta ɗaure. Ta ce ranar ce kaɗai a cikin shekara biyu ta ji ta fi yarinyar sanin wani abu, kuma ta ja aikin ya fi yadda ya kamata tsawo.

Inna Habi ta rasu da damina, ranar wata Laraba da safe. Mahbuba tana wurin aiki a Wurno. Justina ce a kusa da ita, ita ta riƙe mata kai, ita ta kira Sa'adu daga gona ya zo ya laƙƙana mata kalmar shahada. Da Mahbuba ta iso an riga an rufe ta da zane. A zaman makoki mata suka riƙa shigowa suna yi wa Mahbuba gaisuwa, sannan su juya wurin Justina da ke rakuɓe a lungu idanu jajur, su ce mata ita ma sai haƙuri, an yi rashin uwa. Mahbuba ta ce tana cikin kukan uwarta tana ƙirga mata nawa suka juya. Ta ce ta roƙi Allah gafara kan wannan fiye da kan kabar.

Inna ta bar faifai guda da ba ta gama ba, gulbi ya kawo ne, ya kai rabi. Mahbuba ta ɗauke shi tun ranar uku ta sa a jakarta ba ta yi shawara da kowa ba. Justina ta ga wurin da yake rataye babu komai, ba ta tambaya ba. Bayan wata huɗu, da zaman ƙauyukan gabas ya ƙara wuya saboda rashin tsaro, iyayenta suka matsa mata ta koma gida. Ta zo Wurno ta yi wa Mahbuba sallama, ta kawo mata sauran karan dafi da saiwar rawaya da suka rage a ɗakin Inna, a ƙulle cikin tsumma. Ta ce ba nata ba ne.

Mahbuba ta zauna za ta ƙarasa faifan, sai ta ga baƙar kabar da Inna ta rina ta ƙare. Ta dafa bagaruwa, ta ɗebo laka, ta rina. Ya fito ruwan ƙasa. Ta sake, ya fito toka-toka. Ta sake na uku, ya yi baƙi, amma da ta goga da jiƙaƙƙen yatsa sai ya biyo ta. Wata biyar faifan na cikin jaka, lambar Justina na cikin wayarta. Ni kaina na sha ce mata ta kira, takan ce za ta gano da kanta. Ranar da ta kira ina wurin, tana tsaye a tsakar gida ta juya mini baya.

"Malama, baƙin ya ƙi."

Justina ba ta nuna mamaki ba. Ta tambaye ta inda ta ɗebo lakar. Ta ce ba kowace laka ba ce, sai ta bakin tsohuwar rijiyar fadama, wadda ke warin ƙarfe. Kuma ba a kawo lakar gida, kabar ake kai mata, a binne ta can kwana uku bayan ta sha bagaruwa. Idan an tono, a mayar da lakar raminta a daddanna, a bar wurin yadda aka same shi, don Inna ta ce masu zuwa baya ma suna da rabo a ciki.

Baƙin ya kama. Ta gama faifan cikin wata biyu. Idan ka duba da kyau za ka ga inda hannun Inna ya tsaya da inda nata ya fara, don nata ɗinkin ya fi faɗi. Ba ta rataye shi a falo ba, yana cikin akwati.

Yanzu ita ke kula da kabar. Ta sa Sa'adu ya sake kewaye gefen gabas da ƙaya. Cikin bakwai ɗin nan huɗu sun yi toho ta gefe, amma sun koma ƙasa, sai an sake jiran wasu shekarun kafin su tashi. Uku ba su dawo ba. Matan garin da ke zuwa neman kaba sai ta bi su har wurin ta tsaya a kansu, kuma an ce ta fi Inna tsanani.

Bara da azumi Justina ta turo mata saƙo ta waya. Ashe a shekarun da ta yi tana zuwa gidan takan ɗauki muryar Inna idan tana bayani, da izininta, don kada ta manta. Guda goma sha ɗaya ne. Ta ce ta ga ya fi dacewa su kasance a wurin 'yar gida.

Na tambayi Mahbuba ko ta saurara. Muna zaune ne a asibiti, layi ya ƙare, faifai na cinyarta. Ta ce ta ji biyu. Na farko Inna na bayanin kanwa, tana tari, ana jin kaji a bayanta. Na biyu tana dariya har ta kasa magana, sannan ta ce, "Diba nan, Justina, diba." Ta ce daga nan ta kashe.

"Sauran taran fa?"

"Suna nan," in ji ta. "Ban goge ba. Muryar uwata ce, amma duk wata take yi wa magana."

Sai ga wata mata ta shigo a makare da jariri a baya, tana ba da haƙuri, ta ce daga Kwargaba take, babur ne ya lalace musu a hanya. Mahbuba ta tura faifan cikin jaka, ta gyara tabarau, ta ce mata ta kwance shi ta ɗora a sikeli.